Faifan sauka 40 da suka yi ta dawowa a Garwa: abinda muka gano da yadda aka gyara

Ɗan yayata yana da ƙaramin shagon ɗaukan bidiyo a nan Garwa ba nisa da babbar kasuwa, biki da suna da saukar Alƙur'ani da tarbar alhazai duk yana ɗauka, ni kuma gyaran tele da rediyo da dibidi ne sana'ata tun zamanin kaset. Nasan wani zai ce wa yake kallon faifai yanzu ana zamanin waya, toh ka zo arewacin Kamaru ka gani, har gobe in anyi taro sai mai taro yace a buga masa faifai, dan tsofaffin gida basu iya laluben waya ba, ƙauyuka da yawa intanet ɗinsu bata da ƙarfin sauke bidiyon awa biyu, kuma faifai abu ne da ake miƙa wa mutum a hannu ya kai gida a matsayin tsaraba.

A watan Maris wani Alhaji ya yi wa 'ya'yansa uku walimar sauka, ya kira yaron nan ya ɗauka tun daga fitowar yaran da allunansu har addu'ar rufe taro da wani tsohon malami ya yi, wanda shine ya koyar da shi kansa Alhajin yana ƙarami. Bayan an yanke an haɗa, bidiyon ya tsaya a awa 2 da minti 20. Alhaji yace a buga 40, aka buga, aka liƙa hoton yaran a saman kowanne, aka raba wa dangi, wasu a cikin gari, wasu Pitoa, wasu Gidar, wasu Marwa, wasu kuma suka haye Kusiri har Njamena. Ba'a daɗe ba waya ta fara shigowa, kowa maganarsa ɗaya ce, faifan bai yi ba. Alhaji ya riƙe cikon kuɗin, kuma ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan dan nasa na gida ma bai taɓa buɗewa ba. Yaron ya zo min ransa a ɓace yace Kawu wallahi duk wanda aka dawo dashi ina sa shi a kwamfuta yana yi, inaga dibidinsu ne duk suka mutu, ko kuma in sayi sabuwar na'urar bugawa kawai. Nace masa kar ka sayi komai tukuna, dibidin mutum ashirin basa mutuwa rana ɗaya, kuma na'urar da ta buga maka aikin wancan watan lafiya ba zata haukace haka kawai ba.

Abu na farko da na sa shi yayi, ya kira kowa ɗaya bayan ɗaya ya tambaya, me kuka gani a tele daidai lokacin da abin ya ƙi, me dibidin ya rubuta a ɗan gilashinsa, a farko ya ƙi ko sai da aka yi nisa, kuma faifan yaushe aka baku. Wannan tambayar ita ce rabin aikin, dan "bai yi ba" ɗin nan da muka zube ta sai ta rabu huɗu. Akwai waɗanda da an saka sai ya juya ya juya ya rubuta NO DISC ko ya nuna folda babu komai a ciki. Akwai waɗanda hoton ke fitowa fari da baƙi, wani ma yana gangarawa sama. Akwai mafi yawa, waɗanda yake yi lafiya lau sai an kusa ƙarshe hoton ya fara farfashewa gida gida, murya ta dinga yankewa, daga nan ya daskare. Sai kuma 'yan kaɗan da faifan yake yi a gidan maƙwabci amma ya ƙi a gidan mai shi. Ciwo huɗu kenan, ba kuma magani ɗaya zai musu ba.

Na farkon bai bamu wahala ba. Duk waɗanda suka ƙi buɗewa gaba ɗaya cikin guda 10 na farko suke, waɗanda ya buga da daddare a laftof ɗinsa saboda baƙin Njamena da Kusiri zasu kama hanya da asuba. Da na sa ɗaya a kwamfuta na buɗe sai naga fayil ɗaya tal na mp4 zaune a ciki, wato janyo bidiyon yayi ya jefa a faifai kamar yadda ake tura wa mutum abu a filas. Faifan dibidi na kallo ba haka yake ba, dole a samu folda mai suna VIDEO_TS, a cikinta akwai fayiloli iri uku, IFO wanda ke gaya wa na'ura ina farko ina babi na biyu, BUP wanda kwafin IFO ne na ko-ta-kwana, sai VOB inda hoto da murya suke, kuma kowane VOB baya wuce giga 1. Hoton kuma tsarin da ake matse shi da shi MPEG-2 ne, shi kuwa mp4 na kyamarorin yanzu da wayoyi galibi H.264 ne, tsohuwar dibidi bata san shi ba sam. Abinda ke ruɗa mutane shine tambarin MPEG4 da ake rubutawa a gaban wasu dibidin, suna zaton zai karanta duk wani mp4, alhali yawanci DivX ko Xvid ake nufi, masu zuwa a fayil ɗin avi. Bayan haka kuma lokacin da Windows ta tambaye shi yadda zai yi amfani da faifan, sai ya zaɓi na farko, wanda ake iya ƙara abu daga baya, dan haka faifan ba'a rufe shi ba. Kwamfuta tana karanta faifan da ba'a rufe ba, dibidin ɗaki kuwa a wurinta babu komai a kai. Waɗannan goman ba abin gyara a jikinsu, sake bugawa ne kawai.

Na fari da baƙi gida uku ne. Sauran faifai 30 ɗin ya yi su yadda ya kamata da VIDEO_TS ɗinsu, amma da na duba sai naga girman hoton 720 da 480 ne, hoto 29.97 a daƙiƙa, wato NTSC, tsarin Amurka da Japan, manhajar da yake haɗa faifan da ita a haka ta zo kuma bai taɓa shiga ya canja ba. Mu nan Kamaru da Najeriya PAL muke, 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa. Yawancin dibidin Sin da suka cika kasuwa da telen yanzu suna cin duka biyun shi yasa bai taɓa gane ba, amma tsohuwar tele mai ƙeya da PAL kaɗai ta sani in ka bata NTSC launi zai gudu. Gida biyu ta waya muka gyara, a danna SETUP a rimot, a shiga wurin tsarin tele, a ɗauke shi daga AUTO a sa PAL, launi ya dawo nan take. Gida na uku na wata Goggo ce a nan cikin gari, mun canja saitin bai yi ba, sai na je da kaina na leƙa bayan dibidin, ashe jikanta ne ya cire wayoyin yana shara, da zai mayar ya soka wayar nan mai ruwan ɗorawa a ramin kore. Ramin koren nan haske da duhun hoto kaɗai yake fitarwa babu launi, dan haka kowane faifai ta saka fari da baƙi zata gani. Na mayar da ita raminta mai ruwan ɗorawa, Goggo tace Allah ya yi albarka ɗan nan, ni dama nace wannan telen ba yau ta fara ba. Duk da haka na ce wa yaron in zamu sake bugawa PAL zamu yi, dan kyamararsa hoto 25 take ɗauka, mayar da shi 29.97 ne ma yake sa in kyamara ta juya daga wannan gefen taro zuwa wancan sai kaga hoton yana ɗan tsalle tsalle.

Yanzu ga babbar matsalar, wadda ta fi ci min rai, dan inda faifan yake daskarewa daidai wurin addu'ar tsohon malamin ne. Mutum ya zauna awa biyu da iyalinsa, an zo wurin da kowa ke jira, malam ya ɗaga hannu, sai fuskarsa ta farfashe ta tsaya cak. Wata 'yar uwar Alhaji a Marwa har kuka tayi a waya, tace ita dan addu'ar nan ta karɓi faifan, tunda bata samu zuwa ba kuma malam ya tsufa sosai. Duk wanda muka tambaya lokacin da yake bayarwa tsakanin awa 2 da minti 5 ne zuwa ƙarshe. In kaji mutane da yawa masu dibidi iri daban daban suna tsayawa a wuri kusan ɗaya, kuma wurin ƙarshen faifai ne, toh ka bar zargin dibidinsu, ka kuma bar zargin bidiyon in har asalinsa na kwamfuta yana wuce wurin lafiya, namu kuwa mun kalla yana wucewa sumul.

Rubutun faifai daga tsakiya yake farawa yana zagayowa zuwa baki, kamar yadda mata ke saƙa faifan rufe ƙwarya, a fara daga cibiya ayi ta zagaye har a kai gefe. Wurin rubutun yana farawa wajen milimita 24 daga tsakiya ya ƙare wajen milimita 58, kuma da yake zagayen baki ya fi na ciki faɗi, in ka cika faifai dam toh mintuna 14 na ƙarshe a bidiyon minti 140 suna zaune ne a ɗan siririn zobe da bai kai milimita 3 ba a can bakin. Yaron ya bar manhaja ta cika shi taf, giga 4.7 da ake rubutawa a kwali, wanda kwamfuta ke nuna wa 4.38, bai bar komai ba. Shi kuma faifan da ake bugawa a shago ba irin na kamfani bane da ake dannawa da inji, wani siririn rini ne a tsakanin roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowacce, hasken leza yake ƙona shi ɗigo ɗigo. A masana'anta ana zuba rinin ne faifan yana juyawa ya bazu daga ciki zuwa waje, dan haka in aikin na araha ne bakin ne yake fara samun matsala, wani wuri kauri wani wuri sirara. Na ɗaga ɗaya a hasken ƙofa na nuna masa, cikin shuɗi-shuɗin nan mai kama da ruwan makuba kana iya ganin bakin ya yi dabbare dabbare, har da wasu 'yan ɗigo kamar an yayyafa ruwa ya bushe.

Sai gudun bugawa. Ya bar shi a kan mafi sauri, 16x, wato ninki 16 na ainihin gudun dibidi, dan faifai 30 ne a gabansa kuma yana tsoron a ɗauke wuta. Abinda mutane da yawa basu sani ba, in ka zaɓi 16x na'urar ba da 16 take farawa ba, wajen 6 take farawa a ciki tana ƙaruwa, sai a bakin faifan take kai 16 ɗin, kusan megabait 22 a daƙiƙa kenan. Kaga inda rinin ya fi rauni nan ne leza ta fi sauri, nan ne kuma faifan yafi karkarwa in yana juyawa. Ga kuma hoton da ya liƙa da gam a sama, takarda mai kauri, wasu ma bata zauna daidai tsakiya ba, tana sa faifan ya yi nauyi gefe guda, in zafi ya buga takardar ta ja sai faifan ya ɗan lanƙwashe, kuma lanƙwasar a baki tafi yawa. Na Marwa an ce a gaban mota direba ya ajiye su a leda, tafiyar wajen kilomita 200 cikin ranar Maris da zafi ke haura 40, rana kuwa abokiyar gabar rinin nan ce. Ba abu ɗaya bane ya kashe addu'ar malam, abu huɗu ne suka taru a zobe ɗaya.

Dan kar ya zama maganar baki kawai, na sa faifan a kwamfutar shagona wadda na'urarta ke iya auna kurakurai da manhajar Nero DiscSpeed. Dokar dibidi tace kurakuran da ake kira PI kar su wuce 280 a kowane rukunin bayani takwas da ke jere a faifan, ƙasa da haka na'ura tana gyara su da kanta mai kallo bai sani ba. Zanen kurakuran da manhajar ta fitar ya tafi a kwance ƙasa ƙasa har aka wuce giga 3 da rabi, daga nan ya fara hawa, kafin ƙarshe ya haura 280 nesa ba kusa ba. Yaron yana gani yayi shiru, can yace toh Kawu me yasa a kwamfutata yake wucewa. Nace ai na'urar kwamfuta in ta kasa karanta wuri sai ta rage gudu ta koma ta sake, ta kuma karanta gaba ta ajiye, dibidin ɗaki mai araha kuwa bata da wannan haƙurin, in bayani bai iso a kan lokaci ba sai hoto ya fashe. Shi yasa gwada faifai a kwamfutar da ta buga shi ba gwaji bane, ita ce ƙarshen wadda zata ƙi shi.

Na kuma duba asalin faifan. Kowane faifan bugawa yana ɗauke da lambar masana'antar da ta yi shi a ciki, manhajar ImgBurn tana nuna ta kyauta da ka saka faifai, kuma da wannan lambar ce na'urar bugawa take sanin ƙarfin hasken da zata yi amfani da shi. Sunan da ke kan ledar faifan yaron na babban kamfani ne, amma lambar ciki wata ce daban da ban taɓa ganinta a kayansu na gaskiya ba, wato dai jabu aka sayar masa, kuma bana zargin mai shagon dan shima a haka ya saro. In na'ura bata san lambar ba sai ta yi rubutu da ƙiyasi. Samun faifai mai kyau ya ƙara wuya gaskiya, Taiyo Yuden na Japan da masu wannan sana'a suka fi yarda da shi ya daina yin faifai tun ƙarshen 2015, sauran kuma ana ta kwaikwayonsu, dan haka ni shawarata kar ka sayi dami 50 sai ka sayi biyu ko uku ka duba lambarsu ka buga ka gwada. Araha bata ado, bambancin kuɗin bai kai jaka biyu uku ba a kan aikin da ya kusa ɓata masa suna a gari.

Na huɗun, masu yi a gidan maƙwabci su ƙi a gidan mai su, kashi biyu ne. Da faifan yaron suka ƙare a tsakiyar aiki ya aika aka sayo masa cikon guda 6, bai lura ba ashe masu alamar tarawa ne, DVD+R, sauran kuma DVD-R ne. DVD-R Pioneer ne ya fito da shi a 1997, shi kuwa DVD+R sai 2002 ya shigo daga ɓangaren su Philips da Sony, dan haka dibidin da aka ƙera kafin nan ko a wajen lokacin wasunsu in suka karanta alamar irin faifan suka ga baƙo sai su ƙi, ba dan basa iya ganin rubutun ba. Akwai dabara, wasu na'urorin bugawa suna yarda a canja wannan alamar a lokacin bugawa faifan ya kira kansa DVD-ROM kamar na kamfani, ImgBurn tana da wurin yin hakan, amma in zaka raba wa mutanen da baka san dibidinsu ba ka tsaya a DVD-R ka huta. Na Gidar a cikin shidan nan yake, kuma dibidin gidan tsohuwa ce sosai.

Kashi na biyu dibidin Alhaji ce da kanta. Faifansa DVD-R ne, mun kai shi gidan ƙaninsa ya buɗe, a nasa kuwa sai ya juya kaji ƙit ƙit ya rubuta NO DISC. Da nace masa ranka ya daɗe inaga idon dibidin nan ne, bai ji daɗi ba, yace Malam kullum da ita nake jin karatu da wa'azi bata taɓa ƙin faifai ba sai naku. Na roƙe shi ya kawo faifan da yake sakawa, duk sidi ne, wasu na MP3 wasu bisidi. Na yi masa bayani cewa a cikin idon nan fitila biyu ce, ɗaya ta sidi mai nanomita 780 wadda ido baya gani sosai, ɗaya ja ta dibidi mai 650, ɗaya tana iya rauni ɗayar tana lafiya, dan haka karatun da yake ji ba shaida bace. Kuma ido in ya fara gajiya ko ya yi datti faifan shago yake fara ƙi kafin na kamfani. Ya yarda na buɗe a gabansa. Na cire wuta, na kwance murfin, abinda na gani a ciki ƙurar hunturu ce ta kwanta ja-ja a kan komai, dan a kan teburi kusa da taga take ba'a rufe ta, kan idon kuwa, ɗan gilashin nan da bai kai ƙwayar wake ba, ya dushe gaba ɗaya. Na hure da ɗan famfon roba, na ɗiga alkol mai tsabta a auduga mai tsinke, na shafa a hankali dan idon a kan wasu siraran wayoyi yake lilo in ka danna zaka lanƙwasa su, na bi da busasshiya, na goge sandar da idon ke tafiya a kai da robar da faifai ke zama. Muka mayar, faifan ya buɗe, yaran suka fito da allunansu, Alhaji yace ikon Allah. Na bar shi yana gudu har wurin addu'a da gangan, ya daskare a gabansa, nace wannan kuma daga wurinmu ne ba daga dibidinka ba, kuma zamu sake maka duka. Abu ɗaya da nake roƙon masu gyara, ku daina murɗa ɗan dunƙulen ƙara ƙarfin leza da ke bayan idon, yana sa ta yi aiki sati biyu daga nan fitilar ta ƙone, mai kaya ya rasa duka.

Sake bugawar ga yadda muka yi. Na farko muka yi gardama a kan tsawon bidiyon, shi yana so a matse shi ya shiga faifai ɗaya a bar fili a baki, ni nace a'a, minti 140 a faifai ɗaya dama hoto da murya basu kai megabit 4 da rabi a daƙiƙa ba, in ka ƙara matsewa fuskokin mutane zasu dame musamman wurin da ake hada-hada. Muka raba biyu, sauka a faifai ɗaya, walima da addu'a a ɗaya, kowanne wajen minti 70, hoto a megabit 6, murya a tsarin muryar dibidi da ake kira AC-3, tsarin PAL. Dokar dibidi ta yarda hoto ya kai 9.8 amma ban so mu matsa can ba, dan faifan shago a tsohuwar dibidi in bayani ya yi yawa a daƙiƙa shima yana sa tsayawa. Kowane faifai ya tashi giga 3 da kwata, wato rubutun ya tsaya wajen milimita 8 kafin baki, in ka juya shi kana ganin zoben da ba'a taɓa ba. Muka mayar da kowanne fayil ɗin ISO guda, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil ɗaya, daga shi ake buga duka dan kar wani ya bambanta da wani, faifai DVD-R da muka duba lambarsa, gudu 6x, ba mu sauka 2x ba dan faifan da aka ƙera dan gudun 16x shima baya son jan ƙafa da yawa, muka kunna tantancewa ta yadda in ya gama bugawa zai sake karantawa ya gwada da asalin. Kwamfutar muka sa ta a kan ɗan akwatin batirin nan mai riƙe wuta, aka hana kowa taɓa ta ana bugawa. Liƙa takarda an daina, alƙalamin maka mai laushi aka rubuta suna da shi, hoton yaran kuma aka sa a jikin kwalin roba, kowane gida faifai biyu a kwali ɗaya ba a leda ba.

Gwaji kuwa a wata tsohuwar dibidi muka yi da ke ajiye a shagona wadda mai ita bai dawo ɗauka ba, mai tsananin zaɓe, duk faifan da ya fito sai an saka a cikinta an tsallaka babin ƙarshe an kalli minti biyar na ƙarshe kafin a sa a kwali. Cikin 80 ɗin biyu suka faɗi a tantancewa aka jefar aka sake. Yanzu dibidin tana shagon yaron dindindin.

Alhaji ya biya cikon kuɗin har ya ƙara na faifai na biyun da bai nema ba, mu kuma muka bashi asalin bidiyon a filas, yaron ya ajiye ISO ɗin biyu a ma'ajiyar kwamfutarsa, wato hard disk, da wani na daban, dan na gaya wa Alhaji gaskiya cewa faifan rini a zafin garin nan ba abin dogaro bane na shekara da shekaru, a ajiye shi a tsaye a kwalinsa nesa da taga, in za'a goge a goge daga tsakiya zuwa baki a miƙe ba zagaye ba. 'Yar uwarsa ta Marwa ta kira tace ta ga addu'ar har shafawa. Na Njamena da Kusiri an basu ta hannun wani ɗan kasuwa, aka ce ya sa su cikin jakar kaya ba gaban mota ba, sun ce yana yi. Na Gidar ne kaɗai sabon faifan ma ya ƙi, an aiko min da dibidin a mota, na wanke idon bai tashi ba, fitilar ja ɗin ta mutu, na ba mai zuwa Mubi lambar idon ya sayo min sabo.